Rizisto da Koyil: Yadda Ake Bin Sawun Zafi a Wutar Tsofaffin Motoci

Ranar Alhamis, tun kafin rana ta ɗaga, motocin da ke barin Kaura Namoda zuwa kasuwar Shinkafi sukan tashi da lodi har bisa rufi. A cikin motocin Kwatano da suka cika tasha, har yau ba a rasa tsofaffin hannu: Peugeot 504 ƙirar Kaduna, da akori-kurar Toyota ko Datsun ta shekarun 1970 da 1980 wadda fentinta ya koɗe amma injinta bai gaza ba. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Shi ya sa kayan gyaranta ba su yanke ba, masu gyaranta ma ba su ƙare ba.

Akwai wata cuta da direbobin irin waɗannan motoci suka sani sarai. Mota ta tashi lafiya da safe, ta yi rabin awa tana gudu, sai ta fara shaƙewa, ta mutu. A buɗe bonet, a tarar koyil ya yi zafin da ba a iya dafa shi, ɗan farin tangaran da ke kusa da shi kuma yana warin ƙuna. Yaron mota ya fasa ledar ruwa ya tsiyaya a kai, ko ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma, a jira minti goma, mota ta tashi kamar ba ita ba. A hanyar Kaura zuwa Shinkafi, ko wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, minti goma a tsaye cikin daji ba ƙaramin abu ba ne a shekarun nan. Kowa ya san halin tsaro da yankin yake ciki. Gyaran da a wani wuri za a ɗaga zuwa gobe, a nan tilas a yi shi tun mota tana gareji.

Wannan farin tangaran shi ne rizisto. A cikinsa waya ce siririya da aka naɗe, aikinta ta rage ƙarfin wutar da ke zuwa koyil daga makulli. Dalilin sa shi yana da sauƙin ganewa. Lokacin da aka murɗa makulli, kik yana jan wuta mai yawa, batir mai bolt 12 yakan faɗo zuwa 9 ko 10, kuma a daidai lokacin ne inji ya fi bukatar tartsatsi mai ƙarfi. Sai masu ƙera motoci suka yi koyil da zai wadatu da bolt 7 zuwa 9. Yayin tayarwa, wata waya daga kik ko daga makulli takan tsallake rizisto ta kai wa koyil duk abin da batir yake da shi. Da inji ya kama aka saki makulli, sai wuta ta koma bi ta cikin rizisto, ya riƙe rarar, ya mayar da ita zafi.

Ke nan zafi shi ne aikinsa. Lissafin ma a fili yake. Koyil mai om 1.5 da rizisto mai om 1.5 sun haɗu sun ba da om 3. Bolt 12 a kan om 3 yana tura amfiya 4, rizisto kuma ya zubar da wat 24 a jikin abin da bai fi yatsa biyu girma ba. Kwan fitilar sigina wat 21 ne, kuma duk wanda ya taɓa kama shi bayan ya jima a kunne ya san yadda yake ƙona hannu. Don haka rizisto ya ƙona yatsa ba laifi ba ne, kuma sabo yakan ɗan yi hayaƙi a kunnawar farko kafin ya daina. Abin da ke nuna matsala shi ne hayaƙin da ba ya tsayawa, wayar ciki ta yi ja, robar wayoyin da ke bakinsa ta narke, bakunan su yi baƙi, ko tangaran ya tsage. Idan aka ga haka, da wuya a ce laifin rizisto ne shi kaɗai. Wani abu ne yake tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa, kuma wanda ya canza shi bai nemo wannan abu ba zai dawo kanti sayen wani kafin wata ya ƙare.

Ba kowace tsohuwar mota ke da shi ba. Wasu sun zo da koyil mai kusan om 3 wanda ke shan bolt 12 kai tsaye, wasu kuma, kamar motocin Ford da yawa, an ɓoye musu wayar rage wuta a cikin damin wayoyi, ba a ganin tangaran ko kaɗan. Motar da ta shekara arba'in tana yawo hannun masu wayarin kuwa, abin da kamfani ya sa mata da abin da ke jikinta yau sun sha bamban. Saboda haka ba a dogara da sunan mota. Aunawa ake yi.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar mitar gwaji irin wadda masu gyaran waya da rediyo suke amfani da ita, fitilar gwaji, filaya mai roba a hannu, da fulogi guda mai kyau. Mai wayarin da ba shi da mita yana aiki ne da ƙiyasi, kuma a wannan matsala ƙiyasi ne yake cinye kuɗin direba.

Ana farawa da makulli a kashe. A zare wayoyin rizisto, a sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Kafin komai a haɗa bakunan mitar biyu a ga abin da ta nuna, domin wayoyinta kansu sukan ba da om 0.2 zuwa 0.5, kuma wannan adadi sai an cire shi daga duk abin da aka auna. A aikin da bambancin rabin om yake raba koyil mai kyau da wanda zai ƙona mota, mantawa da wannan mataki yana ɓata lissafi gaba ɗaya. Yawancin rizistocin nan suna tsakanin om 1 da 2 idan sun huce. A riƙe bakunan mita a jikinsa, a ɗan ƙwanƙwasa tangaran da bayan sukundireba, a girgiza bakunan. Idan lamba tana tsalle, wayar ciki ta tsinke tana ɗan taɓawa ne kawai. Da zafi ya buɗa ta sai ta rabu, da ta huce sai ta koma. Ga motar da ke mutuwa da zafi ta tashi da sanyi.

Daga nan sai koyil. A zare ƙananan wayoyinsa, a auna tsakanin ƙananan bakunan biyu. Kusan om 3 yana nufin koyil ne da ba ya son rizisto; idan aka haɗa shi da shi, ba zai yi zafi ba, amma tartsatsi zai yi rauni, mota ta riƙa gardama a kan tudu. Om 1.2 zuwa 1.6 na rizisto ne. Abin da ya gaza om 1 kuwa na motar zamani ne, wadda ke da na'urar da ke ƙayyade wuta da kanta.

A nan ne aka fi faɗawa rami. Koyil ɗin Golf 2, wanda ake samu birjik cikin kayan Kwatano daga Ƙofar Ruwa ta Kano har shagunan Gusau da Kaura, gwangwani ne mai kama da na tsohuwar mota, yana kuma shiga maɗaurinsa daidai. Mai kanti zai ce, "Oga, duk ɗaya ne, wannan ma ya fi wuta." Ya fi wuta a motarsa. Juriyarsa ba ta wuce om 0.6 zuwa 0.8 ba. A haɗa mai om 0.6 da rizisto mai om 1.5, jimla ta zama 2.1, wuta ta haura amfiya 5.7, zafin da rizisto zai zubar ya kai kusan wat 49, ninki biyu ke nan na abin da aka yi shi dominsa. Kontak, wanda ke buɗewa yana rufewa cikin distiributa don yanke wa koyil wuta, shi ma ba zai daɗe ba, bakinsa zai yi shuɗi ya rarake. Haka nan tsohon koyil da naɗin cikinsa ya fara haɗewa: juriyarsa takan sauka, ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, wani lokaci har mai ya riƙa tsattsafowa daga wuyansa. Koyil mai zubar da mai ya gama aiki.

Idan koyil da rizisto sun dace da juna, sai a duba caji. A tayar da inji, a ɗan ba shi wuta, a auna bakin batir. Abin da ake so shi ne bolt 13.8 zuwa 14.5. Katawut ɗin altaneta idan ya lalace yakan bar caji ya haura 16, kuma zafi ba ya ƙaruwa daidai da bolt, ya fi shi saurin hawa: a kan om 3 ɗin nan, idan wuta tana bi ba yankewa, bolt 14 yana ba rizisto kusan wat 33, bolt 16 kuma kusan 43. Alamun sukan zo tare. Batir yana shanye ruwa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kwan fitilu suna yawan mutuwa. Direban da ya canza kwan fitila sau uku a wata guda, sannan rizistonsa ya ƙone, altaneta ya kamata a kwance masa.

Sai kayan da aka rataya wa layin. Wannan ya zama ruwan dare a garejojinmu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Famfon mai na asali ya mutu, aka kawo na lantarki. Mai wayarin yana neman wayar da ke kawo wuta idan an kunna makulli, mafi kusa da hannunsa kuwa ita ce ta bakin koyil, sai ya ɗaura a nan. Gobe a ƙara cajar waya, jibi rediyo ko wayar bawul ɗin silo na kafireto. Duk abin da aka ɗaura a bakin koyil, ta cikin rizisto wutarsa take bi. Rizisto ya ƙara zafi, koyil ya rasa ƙarfi, famfon kansa yana aiki da bolt 7 ko ƙasa da haka maimakon 12, mai ba ya isa kafireto, a yi ta wanke kafireton da ba shi da laifi. Maganin shi ne a bi kowace waya da ke bakin koyil mai alamar tarawa a san inda ta nufa. Waya daga rizisto da wayar tayarwa ne suke da hurumi a wurin, sai ɗan kwandansan hana ƙarar rediyo idan akwai. Saura a mayar da su layinsu daban, da fiyus, famfo kuma a sa masa rile.

Ga mota mai kontak, tazarar bakinsa ma tana da hannu. A 504 milimita 0.4 ake bari. Idan ƙafar robar kontak ta cinye tazara ta ragu, kontak yakan daɗe a rufe a kowane juyi, wuta ta daɗe tana bi, komai ya ƙara ɗumi. Ƙurar hunturu tana saurin cinye wannan ƙafa idan ba a ɗan shafa giris a kan sandar distiributa ba.

Akwai kuma halin direba. Inji mai kontak idan ya tsaya, sau da yawa kontak a rufe yake tsayawa. A bar makulli a kunne a tasha ana jiran fasinja, ana sauraron labaran rana ko ana cajin wayoyi, to amfiya 4 ɗin nan suna bi ba hutu, babu fanka, babu iskar tafiya. Minti kaɗan sun isa su dafa koyil. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Zamfara yake haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet ya riga ya zama tanda kafin a ƙara masa wannan. Makullin da ke da matsayin rediyo daban, a tsaya a nan. Wanda ba shi da shi, a ja wa rediyo da caja layinsu.

Motocin da aka sa wa wutar lantarki marar kontak suna da nasu sha'ani, kuma rikicin ya samo asali tun daga masu ƙerawa. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa wutar lantarki marar kontak a farkon shekarun 1970 amma ya bar rizisto a layin, har direbobin can suka saba ajiye na ko-ta-kwana a aljihun mota. General Motors kuwa da ya fito da nasa tsarin a tsakiyar shekarun, ya zubar da rizisto ɗungurum, domin na'urarsa tana ƙayyade wutar da kanta. Iri biyun nan duka suna yawo a kasuwa har yau. Na farko kontak kawai ya maye, yana buɗewa yana rufewa, ba ya rage komai. A inji mai silinda huɗu yawanci yana son jimlar koyil da rizisto ta kai kusan om 3, in ba haka ba shi ne zai fara ƙonewa. Na biyu, irin na Bosch da ke cikin Golf, yana tafiya da koyil mai ƙaramar juriya, kuma ba ya son rizisto sam. Wanda ya ɗauko distiributa na lantarki daga wata mota, to ya ɗauko shi da na'urarsa da koyil ɗinsa, saiti guda.

Kuskure biyu ake yawan yi wajen haɗawa. Na farko, a ba na'urar wuta daga bakin koyil, bayan rizisto, inda bolt 7 ko 8 ne kawai. Sai ta riƙa yankewa idan inji ya yi zafi. Wutarta daga gefen makulli ake ɗaukowa, kafin rizisto. Na biyu, a ɗaura ta ba tare da farin man nan mai ɗauke zafi a bayanta ba, ko a kan ƙarfe mai tsatsa. Farantin da take zaune a kai shi ne yake shanye zafinta, a wasu kuma ta nan take samun as. Giris na yau da kullum ba ya maye wannan man. Masu gyaran talabijin da amfilifaya suna da shi.

Gwajin bolt a bakin koyil yana da tarko da ya kamata a sani. Rizisto ba ya rage komai sai wuta tana gudana. Idan kontak a buɗe yake, mita za ta nuna bolt 12 a gaba da bayansa, yaron gareji ya ce, "Maigida, wuta tana zuwa daidai," alhali bai gwada komai ba. Sai an juya inji kontak ya rufe. A mota marar kontak kuma a zare wayar na'ura daga bakin koyil mai alamar ragewa, a haɗa bakin da jikin mota na daƙiƙa kaɗan. A nan ne gaskiya take fitowa: bolt 6 zuwa 8 yana nufin rizisto yana aiki. Bolt 12 yana nufin babu shi a layin, ko an tsallake shi, ko wayar tayarwa ta maƙale tana kawo wuta kullum. Ƙasa da 5 kuwa yana nuna koyil yana ja da yawa, ko an sa tangaran a motar da ta riga ta zo da ɓoyayyiyar wayar rage wuta, ko wani baki ya yi tsatsa.

Hannu ma yana ba da labari, in an kusantar da shi ba tare da an dafa ba. Koyil da zafi, rizisto da sanyi: an tsallake rizisto. Duka biyun da zafi fiye da ƙima: koyil bai dace ba ko caji ya yi yawa. Rizisto da zafi, koyil da ɗumi kawai, tartsatsi kuma ba ƙarfi: a nemi kayan da aka rataya. Zafi a baki guda, robar waya ta ƙandare a nan kaɗai: bakin ne ya saki ko ya yi tsatsa, a yanke a sa sabo, a matse da kyau, kada a murɗa waya da hannu a naɗe da salatif.

Wata alama ba ta bukatar mita. Mota ta kama muddin ana riƙe da makulli a wurin tayarwa, da an saki ta mutu. Rizisto ya tsinke, ko wayar da ke kawo masa wuta. Saboda wannan dalili ne ganin tartsatsi yayin da kik yake juyawa ba ya wanke rizisto daga zargi, tunda a lokacin ba ta cikinsa wuta take bi ba. Gwajin tartsatsi yana da amfani wajen raba matsalar wuta da ta mai, musamman da zafin rana lokacin da fetur yakan tafasa a bututu ya ba da alamu iri ɗaya, amma a yi shi nan take da mota ta mutu, kafin ta huce. A mota marar kontak a yi shi da fulogi da aka jingina da jikin inji; barin babbar waya tana lilo ba inda wuta za ta sauka yana iya kashe na'urar.

Zuba ruwa dai ba gyara ba ne. Tangaran mai zafi idan ruwan sanyi ya same shi yakan tsage, ruwa a wuyan koyil kuma yana buɗa wa tartsatsi hanyar gudu ta waje, ya bar siririn layin gawayi da ba ya gogewa. Wurin zaman rizisto shi ne abin dubawa: a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota inda iska ke wucewa, nesa da bututun hayaƙi da tiyon fetur, a kankare cakuɗin ƙura da baƙin mai da ke rufe shi. Wanda aka bari yana reto a kan wayoyinsa, ramukan hanya za su karya shi ko da wutarsa daidai take.

Tsallake rizisto da guntuwar waya yana da lokacinsa, kuma lokacin guda ne: ya tsinke a inda tsayawa take da haɗari. A haɗa wayoyinsa biyu, a rufe da salatif kada su taɓa ƙarfe, a ja mota zuwa gari mafi kusa, Moriki ne ko Zurmi ko Kaura, kada a bar makulli a kunne inji a tsaye ko na minti ɗaya. Koyil mai om 1.5 a kan bolt 14 yana iya jan abin da ya haura amfiya 9, don haka kilomita kaɗan zai jure, ba mako guda ba. Abin takaici, da yawa daga motocin da ake zuba wa ruwa a hanya, irin wannan waya ce aka sa musu wata rana aka manta da ita. Ya fi sauƙi direba ya ajiye rizisto guda da aka auna aka tabbatar irin na motarsa ne, tare da kontak da kwandansa, a cikin gwangwani a aljihun gaba.

Bayan an gama gyara, kada a sallami mota da tashin farko. A bar inji ya yi minti ashirin yana aiki da bonet a rufe, fitilu a kunne, sannan a buɗe a sake auna caji a bakin batir, a auna gaba da bayan rizisto, a duba ko robar wata waya ta yi laushi. Lambobin da aka samu, om na koyil da na rizisto da bolt na caji, a rubuta su da fenti ko maka a cikin bonet, domin mai wayarin da motar za ta faɗa hannunsa a Shinkafi ko Gusau ya san abin da ke jikinta kafin ya aika yaro kanti.